Kwana Shida Ina Dafa Ƙafar Sa

Na ga abubuwa a duniyar nan. Wasu na manta su tun kafin rana ta faɗi, amma wannan da zan ba ku labarinsa, sai dai in an rufe ni da ƙasa mu tafi tare. Kada ku tambaye ni shekarar Turawa, ban yi boko ba. Abin da na sani, damina biyu ke nan bayan ruwan nan da ya cinye gada ya raba mutanen ƙetare da gari, a shekarar da na fita takabar maigidana, autata kuma tana goyon ɗanta na fari. Wanda ya tuna ɗaya cikin ukun nan ya san lokacin.

Ni 'yar Ƙofar Rini ce, 'yar rundawa gaba da baya. Ubana mahauci, kakana mahauci, wanda na aura ma da wuƙa a hannu na same shi. Nama kuwa, ba yabon kai ba, a unguwarmu ba a ɗora tukunyar biki ba a aiko mini ba. Shi ya sa da aka zo neman wadda za ta riƙa dafa wa wasu 'yan ƙwallon kwando abinci, sunana aka fara kira. Aka ce samari ne da ba su da aiki sai jefa ƙwallo cikin wata raga da aka rataye sama, kuma albashi ake ba su a kan haka kamar ma'aikatan gwamnati. Na yi dariya har da riƙe ciki, amma na je.

Wani gida aka kama musu a bayan Sama Road, da filin siminti a bayansa, tagar ɗakin girki na kallon filin. Ranar da na fara zuwa, da hantsi ne, a tsakiyar bazara, zafi na tashi daga simintin nan yana rawa kamar ruwa. Cikin wannan rawar na hango su, su goma sha biyu, sai na ga kamar giginyoyi ne suka gaji da tsayuwa suka fito yawo. Ƙwallon na dukan ƙasa, dim, dim, dim, kamar mata na lugude a wani gida mai nisa. In ɗayansu ya tashi sama, sai ka ga kamar ya manta da ƙasa, ya ɗan dakata can yana shawara kafin ya sauko. Na daɗe tsaye da ludayi a hannu. Har yau in barcin rana ya ɗauke ni, nakan ji lugudensu.

Ba zan kama sunan kowa ba. Ni ma can ba da sunayensu nake kiransu ba, kowa da wanda na laƙaba masa, kuma uku daga ciki ne labarin nan ya shafa.

Na farko shi ne kyaftin ɗinsu, wani Bakano baƙi mai faɗin ƙirji, na sa masa Mai Tsawa. Shi ke bubbuga ƙofofi da asuba, shi ke fara shiga fili, shi ke fita ƙarshe. In yaro ya yi kuskure, daga wancan ƙarshen filin zai kira sunansa da ƙarfin da sai tsuntsayen dogonyaro sun tashi. Ko ni bai bari ba. Kwanana uku da fara aiki ya leƙo ɗakin girki da kwano a hannu.

"Inna, wannan miya ce ko rijiyar mai? Gudu za mu yi fa, ba suna muka zo ba."

Na ce, "Kai yaro, tun ba a haihe ka ba nike riƙe da ludayi. In ba ka ci, aje, akwai masu ci."

Ya ce, "Zan ci, amma gobe a rage."

Ban rage ba. Daga ranar na ɗaura masa ƙiyayya a gefen zane.

Na biyu ɗan garin nan ne, ɗan gidan malamai daga Ƙofar Atiku, na sa masa Ɗan Malam. Ba shi ne kyaftin ba, amma duk wanda ransa ya ɓaci wurinsa yake zuwa. Ban taɓa jin ya ɗaga murya ba. In Mai Tsawa ya wanke yaro tas har idonsa ya kawo ruwa, sai ka ga Ɗan Malam ya bi shi bakin famfo, ya miƙa masa buta, su tsaya tare kamar ba komai, can sai ka ji yaron ya yi dariya. A fili kuwa, yana kallon gabas zai jefa ƙwallo yamma, ya faɗa hannun wanda yake so kamar an aike shi. Yaran suna tsoron Mai Tsawa, suna son Ɗan Malam. Ni a raina na gama yanke hukunci: ga shugaba nan, wancan hayaniya ce kawai. Tsokar da ta fi kyau a tukunya, kun san kwanon da take faɗawa.

Na uku shi ne babbansu a shekaru, na sa masa Dattijo, ko da yake bai kai ɗana na biyu ba. Mutumin wajen Jos ne, Kirista, yana da mata da 'ya'ya mata biyu a can. Shi kaɗai yake ce mini Mama, shi kaɗai kuma yake wanke kofinsa kafin ya dawo da shi.

A ƙofar ɗakin girkin akwai wani ɗan tudu da ake takawa a sauka. Wata rana na ga Dattijo ya zo sauka, sai ya juya gefe, ya sauke ƙafar hagu a hankali, kamar mace ɗauke da tulu. Wanda ya tashi a gidan fawa ba a ɓoye masa gaɓa. Na bari sai da sauran suka shiga hutun rana, na kira shi bayan ɗakin girki, ƙarƙashin dogonyaro.

"Zamna nan. Mi ya samu wagga gwiwa?"

"Ba komai, Mama."

"Ɗage wando."

Na danna gefen ƙoƙon gwiwar, na ji ruwa ya gudu ƙarƙashin yatsana. Ya cije leɓe. Sai ya riƙe hannuna da hannayensa biyu, ya ce saura kwana tara su buga wani babban wasa, daga shi ne masu kulob za su zaɓi waɗanda za a riƙe baɗi. A shekarunsa, in aka ji ya samu rauni, sallama ce.

"Mama, ban iya komai ba sai wannan. Ko kaza ban iya kiwo ba. Don Allah kada koci mai horar da mu ya ji. Kwana tara kawai."

Muna cikin haka sai ga Ɗan Malam ya zagayo da butarsa. Ashe ya riga ni sani. Ya tsuguna kusa da mu ya ce, a hankali kamar kullum, "Inna, rufin asirin ɗan'uwa lada na. Ni zan ɗauke mai nauyi a fili. Ƙwallo zai riƙa iske shi inda yake tsaye, ba sai ya yi tsalle ba. Ke kuma ki taimaka da abin da kika sani."

Abin da na sani! Ai ya taɓo inda nake so. Su a al'adarsu, in wuri ya bugu, ƙanƙara suke ɗorawa, abin da tun zuwana nake kallo a matsayin hauka. A wurinmu sanyi shi ne abokin gabar ƙashi, ko jaririya aka haifa a gidanmu ta san haka. Dattijo kuma ba ya iya zuwa ɗaukar ƙanƙarar ba a tambaye shi ta mece ce ba. Na ce su bar mini. Da sassafe na aika gidan ƙanena aka kawo mini ƙafar sa, ta gaba, mai jijiya. Mu haka muka gada: gaɓa ke gyara gaɓa.

Kwanakin nan shida, in na tuna su, kamar a mafarki na yi su. Rana ta take, gari ya yi tsit, ko kuda ya nemi inuwa. Tukunyar ƙafar sa na ɓararraka a hankali tun safe, har jijiyar ta narke ta zama kamar zuma. Dattijo ya miƙe doguwar ƙafarsa a kan tabarma, ni ina tsoma tsumma a ruwan zafi ina gasa masa, in bi da man shanu. Tururi na tashi yana shiga cikin ganyen dogonyaro, hasken rana na saukowa ta cikinsa zare-zare. Ɗan Malam na zaune bakin lungu da carbi, wai hutawa yake, alhali gadi yake mana. Dattijo ya sha romo ya lumshe ido, ya riƙa ba ni labarin duwatsun garinsu, inda ya ce hazo kan sauko da safe har ya shiga ɗaki, da yadda ƙaramar 'yarsa ke tsayawa a kan tafin hannunsa. Ni kuma ina jin kaina wata babbar likita. Gwiwar tana ƙara cika, ina cewa ciwon ne ke fitowa.

Rana ta shida, ina tsame ƙashi daga tukunya, sai ƙofa ta yi duhu. Mai Tsawa ne. Abin da bai taɓa yi ba, ya tsuguna ya gaishe ni, sannan ya dubi tukunyar.

"Inna, kwana shida ana dafa ƙafar sa a gidan nan, ban ga ko ɗaya a tire ba. Ta wa ce?"

"Tawa ta. Ko ita ma mai ya yi mata yawa?"

Bai yi dariya ba. Ya ce, "Kwana shida Ɗan Malam yana ba Dattijo ƙwallo a ƙirji. Mutumin da duk ƙasar nan aka sani da karɓa a sama. Kun ɗauka makaho ne ni? Da me kike masa?"

"Ruwan zahi da man shanu."

Ya dafe kai. "Ruwan zafi! A kan kumburi! Inna, asibiti za a kai shi a ɗauki hoto."

Nan fa jinin gidanmu ya motsa. Na ce, "Kai Bakano, ni za ka koya ma gwiwa? Ni ɗiyar rundawa ta. Gwiwar da na ɓare da hannuna ta hi gashin kanka yawa. Na san ta ciki da waje."

Ya ɗago ya dube ni, ya ce, "Duk gwiwar da kika ɓare, Inna, ta wanda aka riga aka yanka ce. Wannan da ransa. Da ita zai yi sauran tafiyarsa a duniya."

Ban taɓa jin maganar da ta ƙona ni kamar wannan ba. Na nuna masa ƙofa da ludayi. Da zai fita ya ci karo da Ɗan Malam, suka tsaya ƙirji da ƙirji, kawunansu na neman taɓa rufi.

Ɗan Malam ya ce, "Kwana ukku sunka rage. Ka yi haƙuri ka kau da kai. Yana da iyali."

"Don yana da iyalin nake magana."

"In ka faɗa, ka kashe mai aiki, kuma yaran ga ba za su yahe maka ba."

"Su daɗe ba su yafe ba. Ku faɗa wa koci da bakinku kafin la'asar. In ba haka ba ni zan faɗa."

Ba wanda ya faɗa. Mun ɗauka barazana ce. Da la'asar suka fito atisaye, ina kallo ta taga. Koci, wani gajeren mutum mai furfura, ya busa usur. Mai Tsawa ya riƙe ƙwallo a ƙugu ya ƙi bugawa. Lugude ya tsaya. Ya ce, da muryar nan tasa da ake ji har titi, "Koci, ni ba zan shiga wasa da mai ƙafa ɗaya ba. A duba gwiwarsa."

Koci ya kira Dattijo tsakiyar fili ya ce ya ɗaga ƙafar dama ya tsuguna a kan ta hagu. Ya fara sauka. Ya kai rabi, ƙafar ta yi rawa, ya dafa ƙasa da hannu. Ba wanda ya yi motsi. Ya miƙe a hankali, ya dubi Mai Tsawa, ya ce, "Shekara biyar muna ɗaki ɗaya. Na bar ka da Allah."

Washegari aka tafi da shi asibiti, Ɗan Malam ya bi su. Yaran nan a manyan tire uku suke cin abinci, huɗu-huɗu. Da na fito da na rana, abokan cin Mai Tsawa suka tashi ɗaya bayan ɗaya suka cusa kansu a sauran tiren, suka bar shi shi kaɗai gaban tiren mutum huɗu. Ni kuma, Allah ya yafe mini, ƙanzo na kankaro masa, na zuba ruwan miya ba ko tsoka ɗaya. Ya yi bisimilla ya cinye tas. Haka aka yi da yamma.

Kwana ɗaya kafin wasan, da hantsi, Ɗan Malam ya same ni ina tsintar shinkafa. Ya zaro wani baƙin hoto mai santsi daga cikin takarda, ya ɗaga shi sama saitin rana, ya ce in duba. Na ga duhu da fari kamar hadari. Sai idona ya zauna, na gane inda nake. Ga ƙashin sama, ga na ƙasa, ga wurin da jijiyoyin nan biyu suke gitta juna a tsakiya, waɗanda na sha yanka da bakin wuƙa. Ɗaya lafiya lau. Ɗayar kuwa ta tsattsage, saura ɗan siririn zare, rana na ratsa shi. Irinta na taɓa gani a ƙafar bijimin da ya zame daga mota, wanda bai sake tashi ba.

"Likita ya ce tsalle guda ya rage mai, Inna. Da mun kai shi wasan ga, da ba aiki kaɗai zai rasa ba." Sannan ya ƙara, don shi ba ya ƙarya ko da taushi, "Ya ce kuma ruwan zahin ya ƙara kumburin."

Na ce, "Likitan ga ɗan gidan wa?" Amma na kau da kai daga hoton, na koma kan shinkafata.

Da rana na fito da abinci, aka sake barin Mai Tsawa shi kaɗai. Ina jira in ji Ɗan Malam ya tara su ya yi musu wa'azi. Bai yi ba. Ya wanke hannu, ya ratsa ta gaban kowa, ya zauna gaban tiren nan, ya ce, "Matsa, Bakano, ka cika wuri." Ya sa hannu. Aka ɗan jima ana kallon juna. Sai ɗaya ya taso, sai wani. Ni kuma na koma ciki na tsamo tsokar da na ɓoye, na dire ta gaban kyaftin ban dube shi ba. Wannan shi ne ban haƙurina, bai kuma nemi fiye da haka ba.

Ranar wasan na yafa mayafi na je, karo na farko kuma na ƙarshe. Ban fahimci ƙidayarsu ba. Na dai ga fitilu, na ga dogayen nan suna shawagi, Mai Tsawa na ihu har muryarsa ta dishe, Ɗan Malam na raba ƙwallo shiru kamar mai rabon goro. Dattijo na kan benci da ƙafa a ɗaure. An ci su, da ɗan kaɗan aka ce. Ba a kuma riƙe Dattijo ba, abin da ya ji tsoro shi ya faru. Mai Tsawa ya tsaya a kan masu kulob da masifarsa har sai da aka yi wa gwiwar aiki, Ɗan Malam ya yi jinyarsa. Ranar da Dattijo zai bar gari, Mai Tsawa ya ɗauko masa jaka har mota. Ya karɓa bai dube shi ba.

Shekaru suka wuce, kulob ɗin ma ya watse, na koma gida. Bara waccan ina zaune a zaure da safe, sai na ga wani dogo mai furfura ya sunkuyo ya shigo, ba sanda, ba ɗingishi. Ya ce, "Mama." Ya tsuguna har ƙasa, gwiwa biyu a naɗe, ya zauna a kan dugadugansa kamar ɗan shekara ashirin. Ni ba fuskarsa nake kallo ba. Ya ce yara yake koya wa ƙwallo a garinsu, babbar 'yarsa ta yi aure, shi ya taka da ita har gaban coci. Sannan ya sunkuyar da kai ya ce ya ji kyaftin ya zauna a garin nan ya yi aure, yana so in sa a raka shi gidansa.

Na ce, "Ɗana, ka makara. Shekara ukku ke nan da ya rasu. Ciwon kwana biyu."

Bai tashi ba. Ya daɗe a tsugune, hannunsa a kan gwiwar hagu, yana kallon ƙasa. Ni ma ban ce ya tashi ba.

Abin da na koya, na koye shi da furfura a kaina. Da ina ɗauka shugaba shi ne wanda in ka gan shi ranka ya yi sanyi. Ashe akwai wanda zai yarda kowa ya ƙi shi, ya ci ƙanzo shi kaɗai, don kai ka tsira da ƙafarka, kuma ba lalle ne ya ji godiyarka ba. Ba don Mai Tsawa ba da mun nakasa bawan Allah da tausayinmu. Ba don Ɗan Malam ba kuma da Mai Tsawa ya ƙare shi kaɗai da gaskiyarsa, ba mai bin sa. Ƙanƙara dai har gobe ban yarda magani ce ba, amma tun daga ranar, in mai kaushin baki ya yi magana, sai na saurara kafin in ɗaga ludayi.

Koci ya rasu, Mai Tsawa ya rasu, Allah ya ji ƙansu. Sauran yaran ban san inda duniya ta kai su ba. Ɗan Malam yana nan Ƙofar Atiku, yana karantarwa a zauren mahaifinsa, duk Salla sai ya zo gaishe ni. Dattijo yana can cikin duwatsunsu, yana tafiya da ƙafafunsa biyu. Sai ni.